Tsatsar da Na Goge

Ummi, wannan babin naki ne, ko da yake ban hana ƙanenki Sadiku karantawa ba. Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku, wai Abba ya fi son tsofaffin ƙarafansa a kan mutane. Sadiku ya taɓa faɗa a waya yana zaton na kashe, alhali ina ji. Ban ga laifinku ba. Yarinyar da ubanta ya daka wa tsawa, ya kore ta daga ɗaki saboda guntun ƙarfe, ranar jajibirin Sallah, tana 'yar shekara goma sha huɗu, ai tana da hujjar da za ta riƙe har ta tsufa. Yau shekara goma sha uku ke nan, kuma tun daga ranar ba ki ƙara yi mini Hausa ba, ke da kika fi duk yaran unguwarmu ta Pantai Dalam iya ta. Sai ki kira daga Kaduna, ki gaishe ni da Turanci kamar mai gaida shugaban ma'aikata, ki miƙa wa jikokina wayar. Da mamarku na da rai da tuni ta sasanta mu. To, Allah ya karɓi abarsa, ni kuma bakina bai iya ban haƙuri ba. Hannuna ya fi bakina, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kun san ni ɗan maƙera ne daga Kazaure, amma ba ku san kakanku ba. Baba mutum ne da ya tsani tsatsa kamar yadda wasu suka tsani ƙarya. Ko lauje aka kawo masa don ya gyara ƙota kawai, ba zai mayar ba sai ya bi shi da magagari da dutse har ya yi fari. In na yi ƙorafi cewa ba wannan aikin aka ba mu ba, sai ya ɗago kai daga bakin wuta ya harare ni.

"Idi, maƙeri ba ya mayar wa mutum ƙarfensa da tsatsa. Abin kunya ne."

Da wannan maganar na tashi, da ita na yi boko, kuma ita ce ta kawo ni Kuala Lumpur, domin digirina na uku kacokan a kan yaƙi da tsatsa na yi shi, yadda za a hana ta cin bututun mai. Ga tarbiyyar gida, ga takardar jami'a, duk bakinsu ɗaya. Ku riƙe wannan, don ku gane cewa abin da na aikata ban yi shi da jahilci ba. Da ilimi na yi shi, kuma hakan ne ya fi yi mini ciwo.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda kakarku ta wajen uwa ta kwanta ciwo, mamarku ta kwashe ku ta koma gida jinya. Ke kina da shekara huɗu, Sadiku yana goye. Aka ce wata uku ne, abu ya kai wata goma sha ɗaya. Ni kaɗai a hawa na tara, ɗaki uku, ba mai cewa sannu da zuwa. In na taso daga aiki sai in tsaya wajen mamak, masu sayar da abinci a bakin titi, in yi tapau ɗin shinkafa, wato a ƙunsa mini, in zo in ci a tsaye a kicin, don zama a teburin nan mai kujera huɗu ya fi ƙarfina. Takalminki ɗaya da kika manta a bakin ƙofa ban ɗauke shi ba har kuka dawo. 'Yan'uwanmu ɗalibai suna nan, ana haɗuwa ranar Juma'a, amma kowa da iyalinsa, kuma ni mutum ne mai shegen girman kai, ba zan je gidan wani in zauna ana kallona ana tausayina ba. Ranar Asabar ce ta fi tsawo. Sai in hau jirgin ƙasa in sauka titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, in bi shagunan yadin da muke zuwa da mamarku, ina taɓa atamfa da leshi kamar mai saye, alhali ba wadda zan kai wa.

A irin wannan yawon ne ruwa ya kore ni cikin wani lungu, na fake a ƙasan wani bene. Na ga ƙofa a buɗe a sama, na hau don kawai kada in tsaya kamar ɓarawo. Ashe kedai ne, wato shago, na tsofaffin kaya, agoguna da tangaraye da akwatunan rediyo. Mai shagon wani tsohon Basine ne siriri, idanunsa sun yi yana, kowa Ankul Fong yake ce masa. A kan teburinsa akwai wani kan mashi a kan farin ƙyalle. Ban san lokacin da na sunkuya na juya kaina ina bin jikin ƙarfen da hasken taga ba, yadda Baba ya koya mini. Sai na ji tsohon ya ce:

"Kowa ya shigo nan kaifi yake dubawa. Kai jiki kake dubawa. Wane ne ubanka?"

Na ce maƙeri ne. Ya yi dariya har da tari, ya jawo mini kujera da ƙafa.

"Zauna lah. Ka ci abinci?"

Daga ranar Asabar ta samu wurin zuwa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a Ostireliya, shi ma a tsaye yake cin abincinsa. Yakan dafa shayi a wata 'yar buta ta ƙasa, ba madara ba sukari, ɗaci kamar maganin shawara, ni kuwa in shanye don kunya, har na zo na saba. Sai ya rufe ƙofa ya buɗe wani dogon akwati. Ƙarafa tara ne a ciki, duk na Japan, duk masu baki biyu. Ya ce kowa lanƙwasasshen takobin nan na cikin fim yake nema, shi kuwa waɗanda ba a damu da su ba yake tarawa: kawunan masu, gajerun wuƙaƙe, da guda ɗaya da ya fi so, wanda Japanawa ke kira ken. Miƙaƙƙe ne sambal, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, kaifi hagu da dama, da doro a tsakiya kamar ganyen dawa. Ya ce irinsa galibi ba don yaƙi ake ƙera shi ba, ɗakin ibada ake kai wa. Mahaifinsa ne ya tsince shi a rufin wani gida bayan Japanawa sun bar ƙasar, kuma shi Ankul Fong shekara arba'in yana son ya san wa ya ƙera shi, kuma a wane zamani.

Ya koya mini abubuwa da yawa, ni da nake ji da kaina a kan ƙarfe. Ba a magana a kan takobi tsirara, don tururin baki yana sa tsatsa. Ba a taɓa jikinsa da yatsa. Ana shafa masa mai mai ƙanshin kanumfari, kaɗan, da takarda mai laushi. Ya nuna mini yadda ake gane ninkin ƙarfe, layi-layi kamar jikin katako, da farin layin da ke bin kaifi inda wuta da ruwa suka haɗu. Ya nuna mini kube iri biyu. Akwai na ado, mai baƙin fenti da ƙotar tagulla mai yatsu uku, akwai kuma na kwana, farin itace ba fenti, wanda da dafaffiyar shinkafa ake manne shi don a iya ɓare shi a share ciki. Na ce wallahi da Baba ya ga wannan da ya yi kwana uku bai ƙera komai ba don mamaki. Ƙota kuwa wani ɗan tsinken gora ne kaɗai ke riƙe ta. Sai da muka yi wata huɗu sannan ya yarda ya ture tsinken a gabana, ya zare ƙotar, ya nuna mini wutsiyar takobin, wato ƙarfen da ke ɓoye cikin ƙota. Baƙi ƙirin yake da tsatsa, kamar gindin tukunya. A ƙarƙashin baƙin ana hango alamar rubutu guda biyu, dishi-dishi. Takobi yana walƙiya kamar madubi, a ce wutsiyarsa haka?

"Ankul, wannan ai rabin sa'a ya ishe ni. Sunan zai fito fes."

Ya janye ƙarfen ya rungume a ƙirji.

"A'a, Dokta. Sama ana gogewa, nan ba a taɓawa. Wannan baƙin shi ne shekarunsa. Masana da shi suke ƙirga zamani, ja sabo ne, baƙi tsoho. Kada ka taɓa."

Na ce to. Amma a raina na ce camfin tsofaffi ne kawai. Tsatsa tsatsa ce, cuta ce, ni na rubuta littafi guda a kanta. Ban yi masa gardama ba saboda girmansa, kuma da na yi gardamar da ya fi, don da ya ƙara mini bayani.

Can wajen wata na tara da tafiyarku sai ga labari mai daɗi har biyu. Za a yi masa aikin ido a cire yanar, sannan wani masani daga Japan zai zo taron masu tara irin waɗannan kaya bayan mako shida, ya kuma yarda zai duba takobin. Ban taɓa ganin tsohon nan da fara'a irin ta ranar ba. Da yake zai yi mako biyu a gidan ƙanwarsa a unguwar Brickfields yana jinya, ga damshin garin nan da ba ya raga wa ƙarfe, sai ya naɗe takobin a jakar yadi ya miƙo mini da hannu biyu.

"Mai kawai za ka shafa masa, sau ɗaya. Boleh?"

Na ce boleh, wato zan iya. Na karɓa da hannu biyu kamar yadda ya koya mini.

Kwana biyar takobin yana kan teburin nan mai kujera huɗu, ina kallonsa yana kallona. Wallahi, Ummi, niyyata alheri ce. Mutumin nan ya ba ni kujera lokacin da ba ni da inda zan zauna, ni kuma ba ni da abin da zan saka masa da shi sai abin da hannuna ya iya. Na riƙa hango shi da sababbin idanu, na zare ƙota, sunan da ya yi shekara arba'in yana nema ya fito ɓaro-ɓaro. Ga kuma muryar Baba a kunnena, maƙeri ba ya mayar wa mutum ƙarfensa da tsatsa. Ranar Asabar da hantsi, ranar da na saba zuwa shan shayi, na shimfiɗa jarida, na kawo ruwan maganin da muke wanke ƙarfe da shi a wurin aiki, da takardar goge mafi laushi. Na yi bismillah na ture tsinken gora. Na yi aikin a natse, ban yi gaggawa ba, kuma in gaya miki gaskiya na ji daɗinsa, don rabona da jin hannuna yana amfanar wani tun tafiyarku. Baƙin ya riƙa narkewa yana bin ruwa. Da na ɗauraye na share na kai bakin taga, sai ga ƙarfe fari tas, sumul, kamar jiya aka sare shi. Rubutu babu. Saran rubutun ya riga ya yi tsufan da tsatsar ce kaɗai ke riƙe da siffarsa, na wanke ta, ta tafi da shi. Har 'yan layukan magagarin maƙerin, waɗanda Ankul ya ce da su ake gane gidan da aka yi ƙira, duk sun bi ruwa. Garin neman gira na rasa ido. Na zauna a ƙasa na fi sa'a guda ina maimaita innalillahi.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai mamarku shi ne, na san yadda ake mayar da tsatsa. Sana'ata ce. Da gishiri da ɗumi da 'yan dabaru, cikin kwana tara zan iya baƙanta ƙarfen nan yadda tsoho mai sabon ido ba zai gane ba sai masanin ya zo. Har na haɗa kayan. Sai na sayi katin waya na kira Kazaure da la'asar, na kwashe duka na faɗa wa mamarku. Tana jijjiga Sadiku, ina jin kukansa. Sai ta ce:

"Baban Ummi, ka ɓata masa ƙarfe, yanzu kuma kana so ka ɓata masa kai? Ka bar shi ya tsaya gaban baƙo ya ji kunya? Haba. Ka kai masa abinsa yadda yake."

Na ce zai kore ni, kuma ba ni da kowa a garin nan sai shi.

"To ya kore ka mana. Ai ka ci a kore ka."

Haka mamarku take, Allah ya jiƙanta, ba ta san kwana-kwana ba.

Ranar da ya koma shago na hau benen nan kamar mai hawa dutse. Na tarar ya riga ya ɗora buta, yana ta kallon komai yana dariya, wai ashe bangon shagonsa kore ne, wai ashe ina da furfura. Ban zauna ba. Na kwance jakar, na ture tsinken da kaina, na ajiye wutsiyar a kan farin ƙyalle. Na ce ni na yi, ya hana ni, na ƙi ji. Ya ɗauka ya kai kusa da sabon idonsa, ya juya, ya sake juyawa, ya shafa babban yatsa a inda rubutun yake a da. Na jira ya zage ni, har addu'a nake ya zage ni. Ruwa yana ta tafasa. Can ya ajiye, ya tashi ya sauke butar, ya zuba shayi kofi biyu. Ya turo mini ɗaya.

"Sha, Dokta, kada ya huce."

Na sha, ban san da me na haɗiye ba. Sai ya ce:

"Kyauta ka so yi mini, na sani. Da wata uku da suka wuce ka yi wannan, da ban gani ba. Yanzu an gyara mini ido."

Ya mayar da ƙotar, ya saka tsinken, ya naɗe, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Tafi da shi. Shekarunsa yanzu daga hannunka suka fara. Ni ba zan iya kallonsa ba."

Bai kore ni ba, amma wani abu ya mutu. Na ci gaba da zuwa ranar Asabar, yana ba ni shayi, muna hirar ruwan sama da tsadar kifi. Dogon akwatin nan dai bai ƙara buɗe shi a gabana ba. Taron masanin ma bai je ba. Kafin shekara ta zagayo 'yarsa ta zo ta tafi da shi, sauran ƙarafan takwas ya rabar wa abokansa. Na raka shi har bakin mota, ya dafa kafaɗata ya ce in gaida Madam da yara. Bayan shekara biyu kati ya zo daga 'yar cewa ya mutu. Shagon yanzu ana sayar da jakunkunan makaranta a ciki.

Sauran ƙarafan da kuka taso kuka gani a gidan nan daga baya na tara su, ɗaya bayan ɗaya, da takardunsu, duk masu baki biyu, kuma ko wutsiya ɗaya ban ƙara taɓawa ba. Na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Shi kuwa wancan na Ankul Fong, duk wata nakan zare ƙotarsa in riƙe wutsiyar a tafin hannu, don an ce gumin hannu da iska da haƙuri su ke mayar da baƙin. Shekara goma ina yi. Ya fara yin ja, ya koma ruwan ƙasa kamar goron da aka tauna. Ba wanda ya san ina wannan, ko mamarku ta ɗauka shafa mai nake yi. A wautata gani nake in ya yi duhu kafin in mutu, to na biya wani abu.

Sai ranar jajibirin nan. Ana ta share-share, na zare ƙotar, aka kira ni waya, na bar shi a kan tebur. Da na dawo na tarar da ke zaune da soson ƙarfe na wanke tukunya, kin naɗe hannun riga, goshinki duk gumi. Kika ɗago shi fari tas kina murmushi.

"Abba, duba! Na goge maka barka da Sallah."

Kin san abin da na ce, ba sai na rubuta ba. Maƙwabta ma sun ji. Abin da ba ki sani ba shi ne, da na dube ki kaina na gani zaune a kan jarida ranar Asabar da hantsi, kuma shi na daka wa tsawar, ke kika sha. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Jinin Baba ne a hannunki, kin ga tsatsa a ƙarfen ubanki kin kasa haƙuri, kuma ke ba wanda ya taɓa ce miki kada ki taɓa. Ni an gaya mini, na ƙi ji, na shafe wa bawan Allah abin da ya yi shekara arba'in yana jira, ya zuba mini shayi. Ke shekara goma kacal kika goge, na wani ƙarfe da na riga na kashe, na ce ki fita. Mutumin da ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, ya nuna mini yadda ake yi, na gani da idona, da lokacina ya zo na kasa.

Na bar wasiyya cewa sauran ƙarafan Sadiku ya yi yadda ya ga dama da su. Na Ankul Fong kuwa naki ne. Kada wani dillali ya ruɗe ku, ba shi da wata daraja a kasuwa, masu abin suna ganin wutsiyar za su mayar miki. Ya sake yin ruwan ƙasa yanzu, baƙin kuwa sai jikokin jikokinki, in an bar shi. In kin ga dama ki sake goge shi, wallahi ba zan ce uffan ba. Ina nan a hawa na tara, na koma cin abinci a tsaye. Na sayi 'yar buta ta ƙasa irin ta Ankul Fong tun shekarar da mamarku ta rasu, da kofi biyu, ɗayan ban taɓa sha da shi ba. Ki yi haƙuri, Ummi. Ki zo ki sha shayi, kada ya huce.